Likitar Da Ta Tambayi Gonar Baba

Baba manomin albasa ne a fadamar bayan Kafin Maiyaƙi, kuma bai yarda da jiran cuta ba. Duk mako sai ya goya tankin feshi ya bi fangali-fangali da maganin fumfuna, ko da ganyen lafiyarsa ƙalau. In na yi magana, ya ce riga-kafi ya fi magani. Ruɓaɓɓiyar albasa da ganyenta kuwa ba ya zubarwa. Juji yake tarawa, ya riƙa juya shi har ya zama taki, ƙura na tashi yana shaƙa.

Ya taɓa yin tarin tibi ya warke. Da tari ya dawo har da jini, na kai shi asibiti a Kano, aka ce fumfuna ce ta yi gida a huhunsa. Wata uku yana shan ƙwayoyi, sai ramewa yake yi. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta sau biyu. Na tsorata, na ga za mu rasa shi.

Da muka koma, wata likita muka tarar, 'yar siririya. Ta duba takardunsa, ta ga manomi ne, ta ce, "Baba, me kuke fesawa a gona?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, mara lafiya na kawo miki, ba albasa ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce a kawo mata kwalbar maganin feshin. Washegari na kawo ina gunaguni. Ta karanta, ta ce maganin feshin da ƙwayoyin da Baba ke sha dangin juna ne, mai yiwuwa fumfunar ta saba da shi tun a juji kafin ta shiga ƙirjinsa. Gwajin kakinsa ya nuna lallai ƙwayoyin ba sa kashe ta. Aka kwantar da shi, aka koma wani magani ta ƙarin ruwa, mai sa shi rawar ɗari. A hankali jinin ya tsaya, ya fara neman tuwo.

Ranar da ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa bai tsaya ko sau ɗaya ba, na laɓe a zaure na yi kukan farin ciki.

Na koma asibitin in ba likitar haƙuri, aka ce an canza mata wurin aiki. Ban ma riƙe sunanta ba. Baba har yau yana sa ta a addu'a bayan kowace salla. Ni kuma haƙurin nan yana bakina, ban sami wadda zan ba ba.