Mabuɗin Coci a Aljihun Kawu

Ƙarar mabuɗai na ji a hannun maƙwabciyata, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai, na kasa zama. Shi ke share hubbaren malaminsu a Kaura, ba wanda ya sa shi. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, mai kula da tsohon cocin bakin tasha ya tsorata ya koma garinsu, ya bar masa mabuɗi. Can cikin cocin na tarar da Kawu yana kwashe kashin jemage, warin har maƙogwaro.

"Kawu, mutane fa na magana."

"Su yi, ɗiyata. Amana ya ba ni, ba addini nai ba."

Tun rasuwarsa ban san wa ke buɗe wa baƙi wuraren nan ba, kuma tsoron tambaya nake. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ba a bar su ga jemagu ba.