Ƙafar Wando

A gidanmu na unguwar Lamisula, a ƙasar Barebari, tufa ba ta mutuwa sau ɗaya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tela ne, daga ƙasar Kano muka taso tare, kuma a hannunsa na ga yadda babbar riga ke tsufa ta koma 'yar shara, 'yar shara ta koma rigunan yara, abin da ya rage ya shiga buhun ƙyallaye a bayan ƙofa yana jiran ranarsa. Da ya rasu ya bar mini keken ɗinki na hannu, da almakashi, da wannan buhu. Da su na ci gaba da rufa wa kaina asiri.

To, sai aka shiga shekarun nan. Waɗanda suka tayar da fitinar ba ma kiran sunansu ko a ƙuryar ɗaki, sai dai mu ce yaran nan. An san su da ɗangalallen wando, wanda ba ya kaiwa idon sawu, daga nan tsawon wando ya zama maganar rai da mutuwa. A bakin kowane layi akwai shinge, ga samarin unguwa masu gora suna tsaro, kuma kafin su dubi fuskarka sun dubi ƙafarka. Shi kuwa yaro ba ya fasa tsawo don ana yaƙi. Wandon sallar bara, bana ya haye ƙwauri. Sabon yadi ya fi ƙarfin mutane, kasuwar ma shigarta sai da addu'a. Sai iyaye mata suka riƙa sallama a gidana, kowace da wando a ƙarƙashin lifaya. In warware kalmasar ƙasa in sake ta. In ba ta isa ba, in zazzage buhu in nemo ƙyallen da ya yi kama in ƙara. Duk 'ya'yan unguwa ne, babu wanda ban ci tuwon sunansa ba.

Wata rana da hantsi wata mace ta yi sallama. Ban santa ba. Siririya ce, ta yafa lifaya da ta koɗe, Hausarta irin ta mutanen ƙauyen Barebari, tana mai da mace namiji. Ta ce suna cikin waɗanda suka gudo, an ba su aron ɗaki a bayan masallaci, ita da ɗanta.

"Wushe, Kaka," ta gaishe ni da Barbarci. "An ce kana ƙara ƙafa."

"Ƙafar wando dai," na ce. "Ta mutum sai Allah."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance ƙullinta ta ajiye wanduna uku a kan tabarma. Ta ce wani mahauci a Kasuwar Shanu ya yarda zai ɗauki yaron aikin janyo dabbobi, amma tun da suka zo yaron bai leƙa ko ƙofar gida ba, don duk abin da yake da shi gajere ne. Masu ɗakin sun fara gajiya da ciyar da su. In bai fita ba yunwa, in ya fita a haka gora.

Na ɗauki na farko na juya bakinsa, sai na ɗaure fuska. Wandon da yaro ya girma ya bari, kalmasarsa ta asali tana nan yadda tela ya yi ta. Wannan kuwa yanke shi aka yi. Na duba na biyu, shi ma haka. Mutum ba ya sa almakashi a lafiyayyen wando sai da dalili, kuma a wancan zamani dalili ɗaya kowa ya sani.

Matar ɗana tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ga fuskata, ta taso ta leƙa, ta ja ni madafi.

"Iya, ki mayar mata da kayanta. Wallahi in kika ƙara wannan, kin lulluɓe kura da fatar akuya. Gobe in ya yi wani abu, gidan nan za a zo."

"In na mayar mata fa?"

"Sai ta kai wani wuri."

"Wane wuri? Telan bakin titi yana gani zai kira masu gora."

"To a kira su mana! Ɗanki ne?"

Ba ɗana ba ne, gaskiyarta. Amma na ga abin da ake yi wa wanda aka nuna da yatsa, kuma na ga an nuna waɗanda daga baya aka ce kuskure ne, bayan an riga an yi musu salla.

Na koma na zauna. Na ce, "'Yar nan, wa ya yanke wandunan nan?"

"Ni."

"Don me?"

Ta ce na mijinta ne. A gwanjo ya saye su tun yaran suna ƙanana, irin na Turawa masu dogayen ƙafafu, shi kuwa gajere ne, har abokan wasansa na ce masa turmi. Ita ta rage masa. Shi ya rasu a hanya, yaron kuma ya ɗauko tsawon kawunnansa.

Maganar ta zauna daidai, har ta yi mini daidai da yawa. Wanda ya kwana yana shirya ƙarya ma haka zai faɗa. Sai na tambaye ta abin da mace kaɗai za ta tambayi mace.

"Ina guntayen?"

Don babu macen ƙauye da za ta yanke tsawon taƙi na yadi mai kauri ta zubar. In ita ta yanke, ta san inda suke. In a daji aka yanke, wurin yaran nan, sun bi iska.

Ta dube ni jim, ta tashi ta fita ba sallama. Matar ɗana ta ce, "Kin gani ko? Ta gudu. Yanzu sai ki san yadda za ki yi da kayan tsiya a tsakar gidanki." Ina cikin tunanin ko in tura su cikin murhu, sai ga ta ta dawo da gammo a hannu, baƙi ƙirin da datti, wanda ta ɗauko kayanta a kansa tun daga garinsu. Ta zauna ta warware shi. Tsumma bayan tsumma, sai ga ƙafafun wando sun fito daga ciki, a naɗe.

Na shimfiɗa su a bakin wandunan. Saƙa ɗaya, ɗinkin gefe ya hau kan ɗinkin gefe. Kuma guntayen suna nan da launinsu mai duhu, su kuwa wandunan rana da sabulu sun cinye su har sun yi fari a gwiwa. Ba a wata ɗaya yadi ke rabuwa da ɗan'uwansa haka ba, sai an shekara ana wanki. Na yarda yankan tsoho ne.

Amma guntaye na wando biyu ne. Na uku ba shi da ko ɗaya.

Na ɗauko shi na kai shi haske. Ba gwanjo ba ne, farin yadi ne ɗinkin tela, bai ko tsufa ba. Ba a rage shi ba. A haka aka ɗinka shi tun farko, gajere, da gangan.

"Wannan fa? Shi ma na turmin ne?"

Ta sunkuyar da kai. Matar ɗana ta daina tsintar shinkafa.

"Na wansa ne," ta ce.

"Kin ce ɗa ɗaya gare ki."

"Ɗaya ya rage mini."

"Wan nasa ya rasu?"

"Allah ya sani, Kaka. Ya bi yaran nan tun kafin a ƙone garinmu. Na riƙe ƙafarsa, ya fizge. Wannan ya bari a igiya."

Na ce mata ta san abin da wannan wando zai jawo in aka shiga bincike aka same shi a ɗakinta? Ta ce ta sani, shi ya sa ta kawo a ƙara shi, ya zama kamar na kowa, ta samu ta ajiye. Na ce farin yadi ba ya ɓoye ƙari, makaho ma zai gani. Na ce zan yi biyun, amma wannan ba zai fita daga gidana yana wando ba. Ta yi kuka mara sauti. A gabanta na farke shi, na raba shi falle-falle, na haɗa mata 'yar jakar zuba allura da zare da ƙyallen ɗaure kuɗin cefane, saura na cusa a buhuna. Ta karɓa ta shinshina, ta soke a ƙugu.

Na ce kuma sai na ga yaron da idona, ba na ɗinka wa wanda ban auna ba. Ba awo nake nema ba, fuska nake so in gani. Ta kawo shi ta bayan gida, ɗaure da zanenta kamar mai jinya. Dogo ne, wuya kamar na zalɓe. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai ɗaga ido ba. Na yi ta dubansa ina neman alama, ban san ma wace iri ba. Kunya da rashin gaskiya duk ƙasa suke kallo.

Na wanke guntayen, na mayar da kowane ga uwarsa. Da yake launi ya bambanta, na sayo baƙin rini na ƙulli a shago, na dafa su a tsohuwar tukunya da gishiri har suka zama abu ɗaya. Sai layin ɗinkin kawai, shi ma na kwantar da shi da dutsen guga.

Ranar da zai fara fita na sa kujerata a zaure inda nake hango shingen bakin layi. Ya isa, ya ɗaga rigarsa ya nuna cikinsa yadda ake yi, don a ga bai ɗaura bam ba. Wani cikin masu gora, ɗan maƙwabciyata mai ƙosai, ya zagaya shi, ya sa bakin gora ya ɗage ƙafar wandon. Ya tsuguna. Ya shafa layin da yatsa, sai ya kwashe da dariya, ya ɗaga tasa ƙafar ya nuna wa 'yan'uwansa.

"Kai, ɗinkin Kaka ne! Irin nawa sak. Baƙo, kai ma wandonka ya yi maka rowar tsawo?" Ya waiwayo ya ɗaga murya. "Kaka! Naki ne wannan?"

Duk layin ya juyo yana kallona. Matar ɗana tana bayana, na ji ta ce innalillahi a hankali.

Na ce, "Ni na ɗinka."

"Shi ke nan. In Kaka ta ɗinka maka, ta san ka. Wuce."

Ya wuce. Ni kuwa na zauna da abin da na jawo wa kaina, don ban san shi ba, wandonsa na sani. Daga wannan rana duk abin da ya aikata a garin nan da sunana zai aikata shi.

Da yamma na aika aka kira uwar. Na ce mata daga yau ɗanta ba zai fita ba sai ya biyo ya gaishe ni, ba zai shiga ɗaki ba sai ya biyo ya gaishe ni, kuma ranar da ya makara ban ji dalili ba, da ƙafata zan taka zuwa shinge. Ta ce ta yarda. Haka aka yi ta yi har suka samu wuri a unguwar Ajilari suka tashi. Mutanen unguwa suna ta yabonsa, wai yaro mai ladabi, safe da yamma yana durƙushe gaban tsohuwa. Ni kuwa in ya durƙusa hannuwansa nake dubawa, in shaƙi warin da ya shigo da shi, in ji ko na shanu ne. Kullum na shanu ne. Sai in ce ya tashi, Allah ya kai mu gobe.