Filashin Ɗaya a Gindin Tsamiya

Duk direban da ke bin hanyar Gummi zuwa Anka, in ya ce maka taya ko birki yake fara dubawa da safe, ƙarya yake yi. Waya yake dubawa. Na daɗe ina jan fasinja a hanyar nan, kuma tun da daji ya lalace ban ƙara tayar da mota ba sai na ga sandunan sabis a fuskar wayata.

Shi ya sa sayen waya a wurinmu ba harkar kwalliya ba ce. Akwai wani mai shago a kasuwar Gummi da ya ajiye tukunyar ƙarfe mai murfi a ƙarƙashin teburinsa, don mu direbobi kawai. Ka zaɓi waya, a sa layinka, a jefa ta cikin tukunya, a rufe, sannan a kira. In ta yi ƙara daga ciki, to mai jan sabis ce, ɗauki abarka. In ta yi gum, ko da zinare aka yi ta, bar masa kayansa. Ko gwajin nan yana da tushe ko babu, oho. Ni dai ƙaramar da ta ci shi, irin mai maɓallan nan da ake wa tsiya da rakani-kashi, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ranar da ƙanena, autan Inna, ya samu motar da zai ja, ni na kai shi shagon. Ya tsallake ƙananan duka, ya ɗauko wata faskekiya mai santsi kamar faranti. Aka sa ta a tukunya, aka kira. Shiru kake ji.

Na ce, "Auta, ajiye wannan. Kurma ce."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ni a tukunya zan yi tuƙi? Kai dai riƙe ta tsofaffinka."

"Wallahi za ka ci ƙaniyarka da kallon ƙwallo a daji!"

Ya saye ta duk da haka. Auta ke nan, taurin kai kamar jakin da ya ga rafi, amma ba ka iya fushi da shi ya kai yamma.

Daga baya na ga wata na'ura a motar wasu masu haƙar zinare da ke shiga wajen Dareta. Eriya ce mai mayen ƙarfe da ake mannawa a rufin mota, da ɗan akwati a ƙarƙashin kujera mai ƙara wa waya ƙarfin sabis. Na bi su da tambaya har suka gaji da ni, na sa aka kawo mini guda biyu daga Sakkwato. Tawa aka ɗaura a ranar. Ta Auta kuwa ta zauna a but ɗina cikin kwalinta, don kullum na ce mu je wurin mai wayarin sai ya ce layin lodinsa ya zo, gobe.

To ga yadda muke aiki a lokacin. Bayan ka bar Bukkuyum akwai wani tudu mai tsamiya, nan ne wuri na ƙarshe da sabis ke kamawa kafin dajin. Ba a shiga dajin a jere. Mota ɗaya ta wuce, ta baya ta tsaya a gindin tsamiya tana jiran labari. Magana ba ta yiwuwa, murya tana kakkaryewa ba ka jin komai, sai muka koma filashin. Ƙara ɗaya, hanya lafiya, taho. Ƙara biyu, akwai ɓarayin daji, koma. Kowa ya san wannan, har mata masu tallan nono a gindin bishiyar sun sani. Mu duka, manya da gemunmu, ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin abin da zai faru in na farko ya shiga na biyu ya maƙale.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, damina, gero ya kai tsayin mutum. Ni ne a gaba. Auta kaɗai na bari a tsamiya da cikakkiyar mota, ya kafa ƙafa a bamba yana shan fura. Ya ɗaga mini ludayi ya ce, "Yaya, kada ka daɗe, rana na yi."

Na yi nisa cikin dajin, na sha wata kwana, sai ga mata sun fito daga gona a guje, babu kallabi, ɗaya tana kaɗa mini hannu. Na duba dama. Babura ne a cikin itatuwa, jere, kowane da mutum uku, suna gangarowa ba su kai ga titi ba tukuna. Na taka mota iyakar ƙarfina. Fasinja suka ɗauki salati, wata mata ta danne kan ɗanta a cinya. Allah ya sa muka wuce kafin su hau kwalta.

Hannu ɗaya a sitiyari, na danna lambar Auta. Ta shiga, ta yi ƙara, na katse. Na sake dannawa.

Sai muryar matar kamfani, wai ba a samun lambar a halin yanzu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nan take na gane abin da na aika masa. Na sake kira. Matar nan. Na sake. Matar nan dai. Wayata cike take da sabis, eriya tana aikinta, tasa ce ta saki 'yar sandar sabis ɗin da ta riƙe. Na san Auta, zai kalli fuskar waya, ya ga ƙara ɗaya, ya ɗan jira, ya ce wa fasinja bisimilla.

Na miƙa lambar ga duk mai waya a motar, kowa yana kira, kowa matar nan yake ji. Na kira ɗan kamashon tasharmu a Bukkuyum ina ihu, na ce a tura babur tsamiya yanzu yanzu a tare shi. Ya ce to, amma ni da shi mun san nisan wurin. Da na kai wani tudu na taka birki, na fara juya mota. Wani dattijo da ke gaba ya riƙe sitiyarin da hannu biyu.

Ya ce, "Ɗana, ka dubi Allah. Rayuka ne a bayanka."

"Baba, ƙanena ne! Ni na ce masa ya taho!"

"Ko ka koma, mi za ka yi musu da hannu wofi?"

Na fita na hau rufin mota, na ɗaga waya sama kamar mahaukaci, alhali ba tawa ce ke da ciwon ba. Na zagi wayar Auta, na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi dokarmu ta banza. Ina kira ina kuka, ƙato da ni, a gaban mata da yara. Ban taɓa jin rashin amfanin kaina kamar ranar ba.

Sai bayan azahar aka iya shiga. Muka sami motarsa a gefen titi, ƙofofi a buɗe, takalma warwatse, igiyar cajinsa tana lilo a jikin sitiyari. Daga baya wasu cikin fasinjansa sun dawo, a rame. Suka ce tun a farko aka raba su kashi biyu, shi yana cikin waɗanda aka yi gaba da su. Ba wanda ya ce ya ga gawarsa, ba kuma wanda ya kira mu.

A satin nan direbobi suka taru a tasha suka juya dokar. Yanzu ƙara ɗaya kada ka motsa, sai ka ji biyu. Abu mai sauƙi haka! Na zauna ina jinsu.

Eriyar Auta kuwa, na ciro ta daga kwali na ɗaura a kan doguwar gora a bayan ɗakin Inna, na haɗa da batirin mota da ɗan faifan sola. Na koma shagon mai tukunya na gwada waya bayan waya har ya fara tsaki, na zaɓo wadda ƙararta ta fi fitowa, na sa layin Inna. Lambarta ce kaɗai Auta ya haddace. Tun daga ranar Inna ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ko gaisuwar mutuwa sai in na bar matata a gindin wayar.

Wata rana bayan la'asar ina tsakar gidan ina wanke ƙafa, sai wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Baƙuwar lamba. Na yi tsalle na bi kira, a kashe. Na sake, a kashe. Muka zuba wa wayar ido, ni da Inna, har inuwar katanga ta rufe mu. Na biyu bai zo ba.

Inna ta ce, "Guda mi yake nufi wurinku?"

Na ce, "Inna, ƙila ɓatan lamba ne. Kuma ai yanzu an canza, ɗaya yana nufin..."

Ta ɗaga mini hannu. "Auta na nan aka canza?"

"A'a."

"To shi ta da ya sani. Lafiya lau yake."

Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta nufi ɗakinsa. Ina ji tana share shi lungu lungu, tana kakkaɓe katifa, ni kuwa ina zaune da waya a hannu.

An daɗe da yin wannan. Baƙuwar lambar nan tana cikin wayata, kuma duk ranar da na isa gindin tsamiya sai na kira ta kafin in shiga dajin. Har yau a kashe take. Amma ranar da Allah ya sa ta shiga, ko duniya za ta tashi ba zan katse ba, sai an ɗauka.