Falle na Uku

Turmin atamfa falle uku ne, kowace mace ta san wannan. Ɗaya riga da kallabi, ɗaya zani, na ukun kuma yadda kika ga dama. Ni ban taɓa ganin dama da nawa ba, domin tun ana jibi za a kawo ni Yamai gidan miji mahaifiyata ta zaunar da ni a ɗakinta a Maraɗi ta yanke hukunci. Ta ce, "Duk turmin da kinka kai ɗumki, ki ce a bar miki falle na uku. Wanga na goyo ne. Mace ba ta jiran sai ɗa ya zo ta tahi neman zane."

Na riƙe maganar kamar karatun allo. Telana na unguwar Kalley, wani mutum mai taurin kai da bai taɓa cika alkawarin Sallah ba, har ya daina tambaya. Ya yanka biyu, ya kalmashe bakin na uku ya ninke min. Abin da ya haɗa ni faɗa da shi shi ne jan zare. Ko atamfar kore ce ko shuɗiya, da jan zare yake kalmasa, wai shi ya fi ƙarfi. Na yi masifa har na gaji, shi ma bai fasa ba. Zani ce ta tadda muje, haka muka tsufa tare.

Goyon ne bai zo ba. Ba zan tsaya ba da labarin likitoci da saiwoyin da na sha ba, duk wadda ta bi hanyar ta san ɗacinta. Mun riƙe ƴaƴan dangi, sun yi lakkol, wato karatun boko, a gidanmu, sun yi aure, ina son su har raina. Amma da ƙafarsu suka zo. In kuwa na goya jaririn wata a gidan suna, da zanen uwarsa nake goyawa, in sauke in miƙa mata kayanta.

Turame kuwa ba su daina shigowa ba. Mace a Yamai ba ta rasa dalilin sabon zane: iniform, wato anko, na bikin ƴar maƙwabta, na sunan ɗan abokiyar aiki, na Sallah, na tsarabar Kwatano, ga wanda maigida kan shigo da shi in ya san ya ɓata min rai. Kowanne in ɗinka biyu in ajiye ɗaya. Har bayan da al'ada ta ɗauke min ban daina ba. Hannuna ya saba, kuma ban san da wane baki zan ce wa tela ya yanka duka ba.

Wata ranar damina, bayan mun koma unguwar Koira Kano, ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai na ji rugum daga ɗaka. Katakon armuwar, kabad ɗin da nake tara fallayen, shi ne ya gaji ya karye, ƙofar ta wangale, zannuwa suka zubo har bakin gado. Na tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu. Wallahi ban san sun kai haka ba. Kullum ɗaya nake turawa in rufe da sauri, ban taɓa tsayawa na dube su gaba ɗaya ba. Ga launukan da aka daina yayinsu tun ina amarya, ga na bikin yaran da yanzu suke aurar da nasu ƴaƴan. Tsoro ya kama ni, irin wanda kan kama mutum in ya tsaya kan gada ya dubi kogi a cike.

Maigida ya leƙo, ya dubi tulin, ya dube ni, ya ce zai kira mai gyaran katako. Mutumin kirki ne, ya san inda ba a takawa.

Sauran dangi kuwa kowa da shawararsa. Ƴar ƙanwata ta ce in bari ta ɗauki hotonsu ta saka a waya, kafin sati sun ƙare. Na ce mata ban buɗe shago ba. Yayata ta ce a haɗa su a yi zannuwan gado da labule. Na ce in ta ga ina kwana a kan tabarma ta faɗa min. Wata ta ce a ajiye don lefen yara, kamar an taɓa saka falle ɗaya a lefe. Kowa na ba shi amsar da ta fi tambayarsa zafi, har aka fara cewa a bar Hajiya da kayanta. Gaskiyar ita ce duk shawarar da suka kawo abu ɗaya take nufi, in yarda da bakina cewa jiran ya ƙare. Na fi shekara talatin ban faɗi wannan ba, ko a cikin sujada.

Maƙwabciyata ce ta same ni zaune a tsakiyarsu. Ungozoma ce a wani gidan haihuwa na bayan gari, Kirista ƴar Dogonduci, mace mai ƙaramin jiki da muryar soja. Ta shigo aron turmin daka, ta ganni, ta zauna a ƙasa ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ɗaga zane ɗaya ta warware, ta ɗaga wani. Ta shafa kalmasar da yatsa.

Ta ce, "Hajiya, waɗanga duk na goyo ne."

Na ce, "Na ce miki ba na goyo ba ne?"

Ba ta kula da zafin bakina ba. Ta ci gaba da ninkewa, can ta ce, "Jiya wata ta zo muna daga ƙauye, naƙuda ta kama ta bisa hanya. Da zanen jikinta kaɗai ta zo. Kallabinta munka kwance munka naɗe ɗiyar." Ba ta roƙe ni komai ba. Ta ɗauki turmin dakanta ta tafi, ta bar ni ina jin haushinta.

Kwanaki na yi ina kewaya tulin nan kamar kaza da ƙwai. Ranar da na yanke shawara ba wani abu ne ya faru ba. Na idar da sallar walaha ne kawai, na ji bakina ya ce, "Ya Allah, na gane." Na yi kuka mai isata, na tashi na jawo baho.

Sabuwar atamfa tana da ƙarfi, tana kankare fatar jariri, don haka sai da na wanke kowane falle na cire masa sitaci. Igiyoyin gidan ba su isa ba, muka ƙara wasu daga bishiyar mangwaro zuwa tagar kicin, muka shanya har kan katanga. Da iska ta taso sai gidan gaba ɗaya ya ɗauki motsi, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi suna kaɗawa. Na zauna kan kujera ƴar tsugune ina kallo, baki buɗe. Ashe abin da na ɓoye a duhu yana da kyau haka.

Maƙwabciyata ta riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan a bayan moto, wato babur, tana kai wa masu jego a gidan haihuwar. Sharaɗi ɗaya na kafa mata, kada ta faɗa wa kowa daga inda suka fito.

Daga nan na kamu da wata sabuwar cuta. In na shiga kasuwar Wadata, ba kaya nake kallo ba, bayan mata nake kallo. In na hango goyo da atamfar da na sani sai in bi matar, in matsa kamar mai shirin yankan aljihu, ina leƙen bakin zanen. Na san ba ni kaɗai aka buga wa turmi ba, shi ya sa nake neman shaidar telana. Sau da yawa ba ita ba ce. Amma wata rana wajen masu tumatir na ga jan zare a kan koren zane, wani jariri mai gashi kamar auduga yana barci a ciki. Na tsaya jikin teburin mai tumatir ina kallonsa. Zanen da ya shekara ashirin a ninke, ga shi yana yawo cikin rana yana aikinsa. Na ce Allah mai iko, na sa wa taurin kan tela albarka.

Abin da ya fi tsaya min ya faru ne cikin taksi. Na fito daga Kalley, sanye da wata tsohuwar atamfa shuɗiya mai zanen ganye, wadda aka daina gani a kasuwa tun tuni. Direba ya tsaya ya ɗauki wata yarinya Bazabarma da buhu a ka da goyo a baya. Wurin ya matse, dole ta kwance goyon kafin ta zauna. Ta sauke yaron da zanensa, ta ɗora min a cinya ba tare da ta tambaye ni ba, yadda ake yi, ɗa na kowa ne, ta juya tana fama da buhunta.

Na dubi cinyata. Shuɗi mai zanen ganye a kan shuɗi mai zanen ganye. Nawa ya koɗe da wanki, nasa yana nan da haskensa. Na juya bakin zanen, na ga jan zare.

Direban ya dubo ta madubi ya yi dariya. Ya ce, "Kai, Hajiya, ke da autanki iniform kunka yi? Allah shi raya miki shi."

Uwar ba ta ji Hausar sosai ba, ta yi murmushi kawai. Ni ya kamata in gyara masa, bakina ba ya barin kuskure ya wuce. Na buɗe baki na ji na ce, "Amin."

Yaron ya buɗe ido ya dube ni, irin kallon jarirai da ba ya neman komai. Ya kama ɗan yatsana. Yana da nauyi, ashe, nauyi mai ɗumi. Muna gab da Wadata na ji wani ɗumin daban yana ratsa zanena har fata. Uwar ta gani ta zabura, tana ta cewa, "Kala suru, kala suru," wato in yi haƙuri, tana neman tsumma. Na riƙe hannunta na ce ta bari.

Da ta sauka na fito na taya ta. Ta duƙa, na ɗora mata shi a baya, na miƙa mata bakin zanen ta ɗaure. Ta ce min fofo, godiyarsu ta Zabarmawa, ta ɗauki buhunta ta shige cikin masu kura da masu moto. Na bi shuɗin nan da ido har ya ɓace, direba yana ta yi min oda.

Na isa gida da zane a jiƙe. Maigida yana zaune ƙarƙashin mangwaro da rediyonsa, ya dube ni ya ce, "Ruwa anka watsa miki a hanya?"

Na ce, "A'a. Fitsarin yaro ne."

Ya rage muryar rediyon. Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya dubi fuskata, ya ga ba ɓacin rai a ciki. Ya ce, "Masha Allah." Na shiga ɗaka in sake zane, don la'asar ta gabato.