An Daina Yayin Askin Soja

Shekarar da aka fara yaƙi, mai askin bakin kasuwa ya samu sabon suna, Baban Soja. Ɗansa na fari yana cikin waɗanda aka kwasa a manyan motoci ana ta guɗa, hotonsa da kaki kuwa yana manne a gefen madubi. Benci ya riƙa cika, kowa askin soja yake so, har da masu tumbin da ko akuya ba za su iya kora ba. In rediyo ta fara labarai, injin aski ma kashe shi ake yi.

Ba rana ɗaya abin ya lafa ba. Da farko aka daina tambayarsa ko ɗan ya bugo waya. Sai ran nan wani direba, kansa rabi a aske, ya ce, "Don Allah Baba, canza mana tasha, mun gaji. Wai ma me ake nema a can?" Na kusa da shi ya zungure shi, ya nuna masa hoton.

"Au, yi haƙuri, na manta."

Mantuwar nan ce ta tsaya wa mai aski a rai. In mutanen gari sun manta, wa zai matsa a dawo da 'ya'yan mutane? Shi kansa ya daina gane dalilin yaƙin, amma bai isa ya faɗa ba, gani yake kamar ya juya wa ɗansa baya.

Da ɗan ya zo hutu, a rame, uban ya kakkaɓe kujera, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna inji.

"Baba, bar shi tukuna. A motar da na shigo, ana ganin askina aka hau tsine wa yaƙi. Wata mata ta riƙe min riga, wai ina nata ɗan. In gashi ya taru ba mai gane ni."

Uban ya kashe inji. Hutun nan kaf yana kallon gashin yana tohowa, yana jin daɗi, yana kuma tsoron ranar komawa.

Ran komawa ɗan ya zo da kansa ya zauna a kujerar aski, jakarsa a bakin ƙofa. A waje babu guɗa, sai cinikin tumatir. Uban ya kunna inji, ya tsaya yana kallon gashin.

"Baba, yi sauri," in ji ɗan, "kar mota ta tafi ta bar ni."