Motar Baƙon Baba

Warin baƙin mai da ya ƙone ne ya fara shigowa cikin gida, ya gauraya da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Ina zaune kusa da turmi ina tsince wake, sai na ji wani abu ya yi tari sau uku, irin tarin tsoho mai mura, sannan ya yi shiru. Na leƙa ta zaure. Wata ƙaramar mota ce baƙa ta tsaya a lungunmu, daidai ƙofar gidanmu, hayaƙi yana tashi daga hancinta.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Motocin da muka sani a Birnin Gwari manya ne masu wucewa kan hanyar Kaduna, sai kuwa ta Di'o, Baturen mulki, in ya zo rangadi. Ni ban daɗe da gama makarantar 'yan mata ba, ina gida ina jiran takardar da za ta faɗa mini inda zan koyar.

Babana fatoma ne, mai saukar da fatake. Tun zamanin da ayarin jakuna ke ratsa dajinmu da goro da kanwa, a gidanmu suke kwana. Zuwan motoci ya rage masa baƙi, amma bai taɓa masa hali ba. Ba ya tambayar baƙo sunansa ko garinsu, sai ya ci ya huta ya faɗa da bakinsa. Abin da yake taƙama da shi a duniya ɗaya ne: ko igiyar baƙo ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Mai motar dogo ne siriri, Hausarsa da 'yar gargada. Ya zuba wa motar ruwa a hanci, ya murɗa wani lanƙwasasshen ƙarfe a gabanta har gumi ya jiƙa masa riga, ta ƙi tashi. Baba ya sa aka kai masa tuwon dawa, ya kwana a zaure. Da aka idar da sallar asuba ya ce zai je ya nemo bakanike.

"Ga ta nan, Baba," in ji shi.

"Amana ce. Je ka ka dawo."

Ya shiga wata babbar mota a bakin hanya. Ko gabas ta yi ko yamma, ba wanda ya lura.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Baba bai san yadda ake ajiye mota ba, amma ya san yadda ake riƙe dokin baƙo, don haka sai ya riƙe ta a matsayin doki. Ya kafa mata rumfa ya rufa zana. Kullum da safe yakan zuba mata ruwa da buta a inda ya ga mai ita ya zuba, ruwan ya cika ya tsiyaye ƙasa, har kabewa ta tsiro a ƙarƙashinta ta kama ƙafar gaba. Ya shafe tayoyinta da man kaɗanya kada su tsage. Ranar Juma'a kuwa bayan an sauko, yakan murɗa ƙarfen nan na hancinta sau bakwai, wai kada gaɓoɓinta su sage.

Maƙerin da ke maƙwabtaka da mu ɗan kawun Baba ne, abokin wasansa tun suna yara. Ba ya wucewa bai tanka ba.

"Kai tsoho, yau dokin naka ya ci dusa?"

"Ya ci. Ya ce ma in gaishe da mai haɗiyar yawun nan."

"Ka san ƙarfen da ke ƙarƙashinta? Fartanya goma ce da lauje. Mai ita ya gudu, kai kaɗai ne ba ka sani ba a garin nan."

"Baƙona bai gudu ba, jinkiri ya yi."

Ni ma ina da nawa sirrin da ita. Da hantsi, in maza sun tafi gona, nakan buɗe ƙofarta a hankali in zauna. Cikinta warin fata da ƙurar garuruwan da ban sani ba. Ta gilashin gaba ina hango bakin daji, kore shar, tsuntsaye suna sauka kan maɗaci. Sai in riƙe sitiyari in ga kamar itatuwan ne ke tahowa gare ni. A 'yar madubinta na fara kallon fuskata a matsayin malama.

Da dawa ta fara fitar da kai, mai unguwa ya zo da kansa. Ya zauna a zaure, aka gaisa, ina jin su ta bayan asabari.

"Fatoma, lungun nan ta nan jakuna ke shigo da dammuna. Motar nan ta cinye rabin hanya. In aka fara yankan dawa mai ita bai zo ba, sai a ja ta zuwa ofishin En'e, wurin hukuma, ko a bar wa maƙera."

"Ranka ya daɗe, in ya dawo in ce masa me?"

"Wa zai dawo? Ko sunansa ka sani?"

Baba ya raka shi bakin ƙofa. Ran nan bai taɓa tuwonsa ba. Washegari ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya faɗarsa.

"Uwata, bokon nan naki yana iya nemo mutumin da ba shi da suna?"

Na ce motar tana da lamba, lambar ita ce sunanta. Na kwafo ta, na zauna na rubuta cigiya irin wadda aka koya mana, gajera tsaf: mai mota lamba kaza ya zo ya ɗauke ta kafin kaka. Na karanta masa. Ya girgiza kai.

"Wannan ai kora ce. Haka ake wa baƙo magana? Yage. Rubuta abin da zan faɗa."

Ga abin da ya faɗa, har yau ina riƙe da shi: "Gaisuwa mai yawa ga baƙona mai mota. Motarka tana nan lafiya a Birnin Gwari. Tana inuwa, ana ba ta ruwa. Ba mu gaji da ita ba, kewarka kawai muke yi."

Kunya ta kama ni, don na san direbobi za su yi dariya. Amma na rubuta, na sa lambar motar a sama, da boko da ajami, takarda goma sha biyu, har yatsuna suka yi baƙi da tawada. Baba ya kai bakin hanya ya raba wa masu zuwa Kaduna da Funtuwa da Tegina, ya roƙe su su manna a tasha.

Aka fara yankan dawa, baƙo bai zo ba. Da safen da jakunan farko suka iso bakin lungu, na ji sara a gidan maƙeri. Dangarsa yake cirewa. Ya buɗe hanya ta tsakar maƙerarsa, jakuna suka riƙa bi ta gefen zugazugi suna fita ta baya.

"Ba don kai na yi ba, tsoho," ya ce da Baba. "Dokin nake tausayi."

Mai unguwa ya zo ya duba, ya ga dammuna suna wucewa, ya koma abinsa.

Bayan mako uku, muna sussuka, sai ga dogon mutumin nan da bakanike. Ya tsaya gaban rumfar ya daɗe yana kallo. Kabewa uku sun nuna a ƙarƙashin motar. Ya durƙusa gaban Baba.

"Sannu da zuwa," in ji Baba. "Ka ci abinci tukuna."

Bakanike ya yi ta dariyar man kaɗanya, amma da ya murɗa ƙarfen sai ya daina. Ya ce da ba a riƙa juya ta ba, da injin ya daɗe da cijewa. Kwana biyu suna aiki, a na uku ta yi tari, ta kama. Inna ta sa musu kabewa ɗaya a kujerar baya. Baba ya tsaya a ƙofa har ƙararta ta ɓace, sannan ya shigo ya ce a ƙaro masa tuwo.

Na yi shekaru ina koyarwa kafin wata malama ta zo makarantarmu, muna hira na ambaci garinmu. Ta ce mahaifinta mai motocin haya ne, kuma da wata tsohuwar mota ya fara, wadda ta taɓa mutuwa a Birnin Gwari. Ta ce ran da ya bar ta bai yi niyyar komawa ba, ya riga ya sallama ta. Sai wata rana a tashar Funtuwa ya ji direbobi suna karanta wata takarda a bango suna dariya, wai ana ba mota ruwa. Ya matsa, ya ga lambar motarsa.