Rigar Baba ta je Jiratawa

Asabar: Tasawa zuwa Maraɗi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, da leda a hammata, babbar rigar Baba a ciki. Baba tela ne, ya tsufa a kan keke a kasuwar Tasawa. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Tun daga nan ba mu ƙara ganin haƙoransa ba, sai ranar da aka kunna tele aka nuno Alhaji Babu, ɗan wasan nan mai fitowa a attajiri marowaci, wanda kome aka roƙe shi sai ya ce babu, ga rigarsa a yage a kafaɗa. Baba ya yi dariya har da hawaye. Bayan mako uku ya sa aka buɗe akwati, aka fiddo shuɗiyar shaddarsa wadda ya yi wa aiki da hannunsa, ya nuna tele ya ce da ni, "Kai mishi."

Ni ungozoma ce. Na daɗe ina cewa ƴan wasan nan kuɗin banza suke ci, mu da ke karɓar rai muna nan da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Ban so tafiyar ba, amma wa zai ce wa Baba a'a?

Motar ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Kuɗin mota jika uku. A Gazawa jandarma suka duba takardunmu, ba su tsai da mu ba. Muna wuce Agye direba ya sa wata waƙar zamani, wani dattijo mai fataucin albasa ya ce a kashe, wannan ba waƙa ba ce, inji ne ke kuka. A zamaninsu, in ji shi, makaɗi sai ya san kakanka kafin ya buɗe baki. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke gefena ya ce shi ba muryar ke damunsa ba, abin da mawaƙi ke samu a biki ɗaya shi sai ya yi wata biyu yana shaƙar alli. Na ce a ƙara da ƴan wasan tele. Direba ya leƙo mu ta madubi ya ce, "Hajiya, kowa tuwon maƙwabci yake gani da girma. Ni in mota ta lalace, ku ke hutawa, ni ke kwana da yunwa." Aka yi dariya, ya mayar da waƙarsa.

Mun shiga Maraɗi goma saura minti goma, kilomita ɗari da ashirin da ƴan kai. Na hau adaidaita zuwa Sabon Gari gidan yayata Rabi. Da ta ji abin da ya kawo ni sai da ta zauna don dariya, sannan ta dafa mini shinkafa da wake. Da la'asar mijinta ya kai ni gidan telen da ke nuna wasan. Mai gadi ya ce Alhaji Babu ba ma'aikacinsu ba ne, kawo wasa kawai yake yi. Sunansa na gaskiya Iliya, gidansa na Tsibiri, bayan makarantar ƴan mata.

Lahadi da safe: Tsibiri

Ƙarfe takwas na hau taksi, cikin minti ashirin da biyar muka isa. A hanya ina ta duba gidajen bene, ina cewa ɗaya daga cikinsu ne. Wata mai ƙosai ta nuna mini wani gidan ƙasa mai ƙofar langa-langa. Na yi sallama har sau biyu, don na ɗauka ta yi kuskure.

Matarsa, Hawa, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura. Ta ce mai gidan tun asuba ya tafi Jiratawa, yau ranar ba da ruwa ce a garkarsa. Na ce garka kuma? Ta ce to da me za su ci? Abin da ake ba su a wasa ɗaya, in an raba tsakanin mutum tara, da mai ɗaukar hoto, da tsohon da ke kaɗa musu gurmi a farkon shirin, ba ya sayen buhun hatsi. Yagaggiyar rigar ma ta marigayi wansa ce. Ba ta faɗa da ƙorafi ba, tana tsince wake tana ba ni labari. Da ta ji aikina sai ta ajiye faifan, ta ce ungozoma ce ta ceci ranta a haihuwarta ta biyu, ta ce da ita ke rabon albashi, da mu za ta fara biya. Kunya ta hana ni gaya mata abin da na faɗa jiya a mota.

Lahadi da rana: Jiratawa

Na koma Maraɗi, na sake mota zuwa kudu. Sha biyu da rabi na sauka Jiratawa, na hau kabu-kabu muka bi gefen magudanar ruwa. Ko'ina kore shar, zogale, tattasai, albasa. Mai babur na jin sunan Alhaji Babu ya fara kwaikwayon muryarsa.

Na tarar da mutum gajere, siriri, wando a naɗe, taɓo har gwiwa, yana buɗe wa kwami ruwa da fartanya. Ba tumbin nan da muke gani a tele, ashe matashin kai yake cusawa a riga. Na gaishe shi na ba shi labarin Baba tun daga farko. Ya wanke hannu sau biyu kafin ya taɓa rigar. Ya daɗe yana bin aikin wuyan da yatsa. Can ya ce shekara goma sha ɗaya yana wasa, an zage shi, an kira shi ɗan iska, an taɓa hana ƙanensa aure saboda shi, amma ba a taɓa aiko masa da riga ba.

Na ce masa gaskiya, ni ma ina cikin masu ganin kuɗin banza suke ci. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ke kina fiddo mutum duniya yana kuka. In ba a samu mai sa shi dariya ba, ai aikinki bai cika ba. A biya ki, a biya ni, a biya mai albasar da za mu ci."

Sai ya zura rigar a kan taɓon, ta sauko har tana jan ƙasa. Ya ce in kunna wayata in ɗauke shi bidiyo. Nan take fuskarsa ta sauya, ya turo ciki, ya ɗaure gira, ya dubi wayar ya ce, "Malam tela, an ce in biya kuɗin ɗinki. Babu. An ce in yi godiya. Ita ma na duba aljihu..." Ya tsaya, ya ce da muryarsa ta gaske, "Wannan akwai. Allah ya ba ka lafiya, Baba." Manoman da suka taru suka amsa da amin. Ya cika mini leda da zogale, ya ƙi karɓar ko dala.

Litinin: komawa gida

Na kwana wurin Rabi, na kama motar ƙarfe bakwai, sha ɗaya saura ina Tasawa. Na sami Baba a zaure, na durƙusa na riƙe masa wayar. Ya kalla sau ɗaya ya yi dariya. Ya sa na maimaita. A na uku bai yi dariya ba, ya matso da fuskarsa yana duban ƙasan rigar. Leɓensa ya yi ta rawa, sannan ya ce, a hankali amma sarai, "Ta yi mishi tsawo. Ya zo in rage."

Inna da ke bakin ƙofa ta saki kwanon da ke hannunta. Rabonmu da jin magana mai tsawon haka daga bakinsa wata goma sha huɗu ke nan.

Na kira Malam Iliya na gaya masa. Ya ce da zarar ya cire albasa zai hau mota. Tun ranar Baba ke sa a miƙo masa almakashi kowace safiya, yana koya wa hannun hagu yanka tsumma.

Na gode wa Yaya Rabi da mijinta, da Hawa mai fura, da mai ƙosan da ta nuna mini ƙofa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya.